Kukanmu a Hannun Mai Wankin Mota

Shekarun baya, lokacin da nake ganin daga Zengo har Birni, wato duk faɗin Damagaram, babu mahaluƙin da ya kai ni iya tsara takarda da Faransanci, na yi aiki a wani gidan sayar da motoci da ke bakin hanyar Mirriya. Fili ne babba cikin katanga, cike da motocin hannu da ake kawowa daga Kwatanu. Mu biyu ne masu sayarwa, ni da wani abokina da muka yi lekol, wato makarantar boko, tare. Akwai bakanike guda, akwai sakatariya da ta girme mu, muna ce mata Madam, sai kuma wani dattijo mai wanke motocin wanda kowa ke kira Baba.

Mai wurin wani Alhaji ne mazaunin Birni. A da kullum yana filin, amma da ciwon ƙafa ya matsa masa sai ya koma gida, ya ɗauko wani mutum daga Yamai ya ɗora mana a matsayin jeran, wato shi ne mai faɗa a ji. Daga nan fa aiki ya canza ɗanɗano. Abin da ya fara taɓawa la'adarmu ce, ɗan abin nan da ake ba mai sayarwa a kan kowace mota da ta fita ta hannunsa. Ya raba ta biyu, ya ce kasuwa ba ta tafiya. Albashi kuwa yana nan inda muka same shi, shekara uku bai motsa ba, ita kuma tiyar hatsi kullum hawa take. Da a kuɗin kaɗai abin ya tsaya, da mun daure. Abin da ya fi ci mana rai tsawa ce. Mutumin nan sai ya bari kana tsaye da mai saye, ka gama yabon mota, ka jawo shi har bakin ciniki, sannan ya leƙo daga biro, wato ofis, ya ce, "Kai wane irin sakarai ne? Wannan farashin na gaya maka?" Har shayin da muke dafawa a gindin itacen bedi bayan azahar sai da ya hana, wai ba majalisa aka buɗe ba.

Sai jikin kowa ya mutu. A da in an turo ƙofar filin, ni da abokina rige-rige muke, yanzu kuwa sai mu tsaya kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya tashi. Bakanike sai ya shige ƙarƙashin mota ya yi awa biyu ba ka ji ƙarar ƙarfe ba, ƙafafunsa kawai kake hangowa. Madam mai fara'a ta koma amsa gaisuwa da ka. Ni kuwa da yake baki ne da ni, sai na zama sarkin ƙorafi. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni sai ya sha labarin difilom ɗina da yadda ake wulaƙanta masu ilimi a garin nan.

Mutum ɗaya ne bai canza ba. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne, balle da bazara, da famfo kan yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba. To, Baba da bokiti ɗaya da rabi yake wanke mota ta fito fes, har ka ga fuskarka a jikinta. Daga rufi yake farawa, ruwan da ya gangaro shi ke jiƙa masa ƙofofi, wanda ya rage a gindin bokiti shi ne na tayoyi. Ko ruwan dauɗar ba ya zubarwa a banza, itatuwan bedin da ke filin da shi suka girma. Na sha tsayawa ina kallonsa don aikin nasa akwai daɗin kallo, amma tsakanina da shi bai wuce "Baba ina kwana" da "Baba ga waccan ta yi datti" ba.

Wata rana jeran ya tafi Yamai na mako guda, muka ga dama ta samu. Muka taru mu huɗu a biro, muka yanke shawarar kai kukanmu wurin Alhaji, a rubuce. Wa zai rubuta? Ai kafin a rufe baki na jawo kujera gaban na'urar Madam. Na zuba Faransanci irin wanda ko a ofishin gwamna sai an gyaɗa masa kai. Kowa na sa sunansa cikakke, da aikinsa, da daɗewarsa a gidan, da abin da ke damunsa. Baba ba ya cikin taron. Ba hana shi muka yi ba, babu dai wanda ya tuna ya kira shi, yana can ƙarshen fili yana fama da wata farar mota. Takardar ta cika shafi ɗaya, Madam da bakanike suka sa hannu suka fita sallar la'asar.

Da muka rage mu biyu sai abokina ya ce, "Ka san fa Alhaji ɗan kasuwa ne. In kuka kaɗai ka kai masa, Allah ya kawo sauƙi zai ce, ya miƙo maka goro. Nuna masa inda kuɗin za su fito."

Maganar ta shige ni. Ina cikin tunanin inda za a rage, idona ya faɗa ta taga a kan Baba yana matse tsumma. Sai na ƙara shafi na biyu, 'yan layuka kaɗan. Na rubuta cewa gidan ba ya buƙatar mai wankin mota na dindindin, tunda ga masu wanki nan barkatai a bakin hanya, ranar da ake buƙata a kira su a sallame su, abin da aka rage sai a gyara wa ma'aikata da shi. Ba zan ɗora wa abokina laifin ba. Shi shawara ya bayar, ni na zaɓi wanda za a yanka. Kuma in gaya muku gaskiya, a lokacin ba nauyi nake ji ba, daɗin yadda jimlar ta tsaru nake ji.

Washegari aka zo maganar kaiwa. Na ce ni zan je, Madam ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan yaushe? Za ka tsallake jeran ka faɗa zauren Alhaji da takardar ƙorafi, kai da ɗanka na fari ko lekol bai shiga ba? Ba a haka a garin nan. Babba ake nema ya shige gaba, ku kuna bayansa."

Muka ce to wane babba muke da shi?

"Ga shi nan kuna gani kullum. Baba da Alhaji tun zamanin manyan motocin Agadas suke tare. In ya yi sallama a gidan nan ba a ce masa ya dawo gobe."

Ni da abokina muka haɗa ido. Wallahi da ɗayanmu ya yi ko gyaran murya a lokacin, da magana ta fito, amma kowa ya sunkuyar da kai. Na ninke shafi biyun na sa a ambulan, na kai baki zan lasa in liƙe, Madam ta fizge.

"Haba dai! Ba a liƙe takarda a ba babba. Sai ka ce ba ka amince masa ba."

Na bar ta a buɗe, ina lallashin zuciyata da cewa ai tsohon bai yi boko ba, a buɗe ko a rufe duk ɗaya ne a wurinsa.

Baba ya saurare mu a tsaye, tsumma a kafaɗa. Da muka gama ya goge hannayensa tas, ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "To, Allah ya sa a dace. Jibi da hantsi." Sai ya dube ni. "Kai mai babur, kai za ka kai ni."

Kwana biyun nan abinci bai yi mini daɗi ba. Mun ɗora wa mutum takardar korarsa a aljihu, mun ce ya kai da ƙafarsa, har ya yi mana addu'a. Washegari na same shi bayan wata mota, na ce, "Baba, ku ɗan ba ni takardar nan, akwai wani kuskure da nake so in gyara." Ya dube ni, kallo mai tsawo, babu fushi a ciki, kamar yana jiran in ƙarasa. Ban ƙarasa ba.

"Tana gida," in ji shi. "In kuskuren rubutu ne, ba zai hana Alhaji ganewa ba. Ko da wani abu?"

Na ce babu. Ƙofa ce ya buɗe mini, na ƙi shiga, don ina tsoron in na faɗa maganar ta je kunnen Madam da bakanike. Na koma biro ina yi wa kaina daɗin baki, wai wataƙila Alhaji ba zai ko juya shafi ba.

Ranar tafiya na kusa wuce shi ban gane shi ba. Ni da na saba ganinsa wando a naɗe zuwa gwiwa, riga a jiƙe, sai ga dattijo cikin farar babbar riga, gemu a taje, yana ƙamshin turare. Muka kutsa lungunan Birni, tsakanin manyan duwatsun nan da tsofaffin gidaje masu zane a fuska. Duk majalisar da muka wuce sai an ɗago masa hannu ana "Malam, barka da hantsi," wani tsoho ma har da miƙewa. Ina tuƙi ina tambayar kaina wa na ɗauko.

Mun samu Alhaji a zaure, zaune kan kilishi, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan matashi. Yana ganin Baba ya dafa bango zai tashi. Baba na cewa "zauna, zauna don Allah," amma bai zauna ba sai da ya miƙe tsaye suka gaisa hannu da hannu. Na ga manyan 'yan kasuwa sun zo filinmu a da, ban taɓa ganin Alhaji ya tashi wa ɗayansu ba. Na rakuɓe bakin ƙofa wurin takalma. Gaisuwa kaɗai ta ɗauke su lokaci mai tsawo, ya iyali, ya ƙafa, ya zafi, wane ya rasu, wane ya aurar da 'ya. Can Baba ya ciro ambulan ya ce, "Yaranka ne suka aiko ni."

Alhaji ya taɓa lekol kaɗan, shekarun da ya yi yana hulɗa da 'yan duwan, wato kwastan, kuma sun ƙarasa masa Faransancin. Ya sa tabarau, yana karantawa yana gyaɗa kai. Ya juya shafi. Na ga leɓensa ya daina motsi. Ya sake bi daga farko, ya cire tabarau, ya dube ni, sannan ya dubi Baba.

"Malam, ka san abin da ke cikin takardar nan?"

"Na sani, Alhaji. Ranar da aka ba ni na biya bakin posta, wurin mai rubuta wa mutane takardu, ya karanta mini. Ba na shiga gaban mutum da maganar da ban san ta ba."

"Har ƙarshe ya karanta?"

"Har ƙarshe. Sau biyu ma."

"Kuma ka kawo mini ita haka?"

"Kawowa aka ce in yi. Ba a ce in tace ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Ashe ranar da nake masa ƙaryar gyaran kuskure ya riga ya san komai. Shafi biyu ne, ba a haɗe suke ba, ambulan a buɗe, ya kwana biyu da su a ɗakinsa. Da ya zare na biyun ya jefa a murhu, babu wanda zai taɓa sani, ni kuwa ko kusa ba ni da bakin tambaya.

Baba ya gyara zama. "Amma takardar ba ta faɗi duka ba, Alhaji. Yara ne masu kunya, abin da za su iya sa wa hannu suka rubuta. Sauran ni zan gaya maka, don mai wanki babu inda hannunsa ba ya shiga. Bakanikenka, rabin kayan aikin da ke akwatinsa da guminsa ya saya, don in ya nema a biro sai a ce ya jira. Madam daga Garin Malam take takowa da ƙafa cikin ranar nan. Silifas ɗinta na bayan durona na ruwa, can take ɓoye su ta sa takalmin biro don kada a sani. Ɗaya yaron mai sayarwa kuma, in azahar ta yi sai ya ce zai duba wata mota. Ni nake share ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin kujera. Abincin ranarsa ke nan, yau wata da watanni."

Sai ya nuna ni da haɓa, ko waiwayowa bai yi ba.

"Wannan kuwa da ya rubuta, mahaifiyarsa na kwance tun kafin azumi. Akwai wata baƙar mota can a ƙurya da ta ƙi sayuwa, nan yake shiga ya ɗaga gilashi ya kifa kansa. Kullum sai na goge shatin goshinsa a sitiyari. Wanda ke cikin wannan hali in ya riƙi alƙalami, ba duk abin da ya rubuta za a kama shi da shi ba. Ina roƙonka kada ka riƙe shi."

Ban taɓa gaya wa kowa a filin nan ciwon mahaifiyata ba, ko abokina bai san ina shiga motar nan ba. Mutumin da nake wucewa kullum kamar katangar filin, ashe duk ya haddace mu, ya san yunwar kowa da abin kunyar kowa, bai taɓa furtawa ba sai yau da faɗar za ta yi mana amfani. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, na yi ta gogewa da hannun riga ina addu'ar kada a waiwayo.

Ko jeran Baba bai bari a baya ba. Ya ce, "Shi ma ba mugu ba ne. Baƙo ne, tsoro yake kada ka ce bai iya ba, shi ya sa yake matse na ƙasa. Amma a gaya masa, a garin nan ba a yi wa magidanci tsawa gaban mai saye."

Alhaji ya ce, "Duk na ji. Saura taka maganar, ita ce ba ka taɓa ba."

"Tawa gajera ce. Yaran ba su yi ƙarya ba, masu wankin bakin hanya sun fi ni araha, ga bayana ma ya fara yi mini magana. In tafiyata ce za ta sa a gyara musu, ina da 'yar gona a Tirmini, damina kuma ta kusa. Su ƙananan yara gare su, nawa sun girma."

Alhaji ya daɗe yana juya tabarau a hannunsa. Can ya ce, "Kai, mai Faransanci, matso."

Na ja gwiwa na matsa. Ya ware shafi na biyu ya miƙo mini.

"Riƙe kayanka, ba na ajiye irin wannan a gidana. Mutumin nan da shi na fara, tun ina da mota ɗaya, ita ma rabinta na wani ne. Ranar da ka ji an ce ya bar filin nan ba da son ransa ba, to filin ne ya tashi. Ba don ya roƙa maka ba, da yau kai ne mai neman gona."

"Allah ya huci zuciyarku, Alhaji." Haka na ce masa.

"Ba tawa ka taɓa ba," in ji shi. Ya ninke shafin farko ya tura ƙarƙashin matashi. "Wannan kuma na karɓa. Ku je, zan zo filin da kaina."

Muka kama hanyar komawa. Da muka fito daga Birni na kasa ci gaba, na tsaya a inuwar wani gawo na kashe babur. Na sauka na durƙusa a gabansa.

"Baba, ku yafe mini. Ni na rubuta da hannuna, babu wanda ya tilasta ni."

"Tashi, mutane na kallo. Na yafe tun a bakin posta." Ya kakkaɓe gefen rigarsa, sannan ya ce, "Abu ɗaya ne dai ya tsaya mini a rai, kuma ba maganar sallama ba ce, aiki ai dama wata rana sai an bar shi. Da mutumin nan yake karanta mini, na ji ya kira kowa da sunansa, har da na uba. Da ya zo kaina sai ya ce, mai wankin mota. Na ce ya duba da kyau ko ya tsallake layi. Ya ce haka aka rubuta."

Ya dube ni a hankali. "Ɗana, ka san sunana kuwa?"

Shekara uku muna wuni a fili ɗaya, yana wanke mini motar da zan sayar in ci abinci, muna bin sahu ɗaya a masallaci. Na laluba kaina sama da ƙasa, babu. Ba mantawa na yi ba, ban taɓa tambaya ba ne.

Bai yi mini dariya ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya faɗa mini sunansa da na mahaifinsa, sannu a hankali yadda ba zai ɓace mini ba. Sannan ya ce, "To, yanzu ka sani. Tada babur, na bar mota biyu ban wanke ba."

Mako na zagayowa Alhaji ya zo filin yana dogara sanda. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bedi, ya ce a ɗora shayi. La'adarmu ta dawo yadda take. Albashi an ɗan taɓa shi, ba kamar yadda muka nema ba, amma an taɓa. An sayo wa bakanike kayan aiki. Jeran kuwa sun shiga biro su biyu da Alhaji sun rufe ƙofa, ban san me aka faɗa ba, tsawa dai ta ragu, ko da yake wani lokacin takan kufce masa. Madam da bakanike ba su taɓa jin labarin shafi na biyu daga bakin Baba ba. Ni na gaya musu da kaina bayan 'yan watanni, da abin ya ƙi barin ƙirjina. Madam ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Har yau ina ganin muna da gaskiya a kukan da muka kai. Ma'aikacin da ke cin gyaɗa a ɓoye cikin motar da ba zai taɓa iya saye ba, ba a ce masa ya cika ƙorafi. Abin da ya ba ni tsoro da kaina shi ne yadda matsi ya sa ban iya duban sama ba sai da na fara duban ƙasa, na nemo wanda ya fi ni rauni na ce a cire daga jikinsa. Abin da jeran ya yi mana muke kuka, shi na yi wa Baba, sai dai nawa da Faransanci mai kyau. Tun daga lokacin na yi aiki wurare da dama, na zauna gaban masu kuɗi da masu muƙami, amma babu wanda ya taɓa cika mini ido kamar tsohon nan ranar da ya zauna a zaure yana roƙa wa wanda ya nemi a kore shi. In na tuna har yanzu sai na ji jikina ya yi sanyi.

Baba ya ƙara shekaru a filin, ya koma gonarsa lokacin da shi ya ga dama. Da labarin rasuwarsa ya iske ni na hau motar Tirmini. A bakin gari na samu wasu dattawa a inuwa, kuma na gode wa Allah da ban tsaya ina kame-kame ina cewa gidan wani tsoho mai wankin mota nake nema ba. Sunansa na faɗa, da na mahaifinsa, suka miƙe suka raka ni har ƙofar gida. Ban rubuta shi a nan ba, don na san mutum ne da ba ya son a yi ta yawo da zancensa. Amma duk sanda na idar da salla na ɗaga hannu, in na gama da iyayena, sunan da ke biyo baya ke nan, kuma cikakke nake faɗarsa.